Ɗan Kwikwiyona Yana Satar Abinci, Kuma Yana Gurnani Idan An Kusanci Kwanonsa

Mai Lambu ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku game da wani ɗan kwikwiyo da na karɓo domin ya riƙa yi mini gadin lambu da kejin kaji a bayan gari. Na ɗauko shi yana da kimanin mako 6 a duniya, daga hannun wani maƙwabcin gona da karyarsa ta haifi 'ya'ya takwas, kuma yanzu ya shiga wata na huɗu. Saboda ƙanƙantarsa muka bar shi a tsakar gida tukuna, da niyyar idan ya yi ƙwari a mayar da shi lambu. Yara sun sa masa suna Duna domin baƙi ne wuluk.

Abu biyu ne suka dame ni. Na farko sata: da zarar uwargida ta sauke tukunya ta juya baya, ko yara sun ajiye kwano a kan tabarma sun tafi wanke hannu, sai ya wawuri abin da ya samu ya yi bayan ɗaki a guje. A makon jiya kaɗai ya ɗauke busasshen kifin da aka jiƙa domin miya, ya sha ƙwai biyu, sannan ya janye ƙunshin tsiren da na shigo wa yara da shi. Na biyu, wanda ya fi tayar mini da hankali, shi ne idan yana cin abincinsa ko ya samu ƙashi, duk wanda ya matso sai ya ƙame, ya kifa kansa a kan kwanon, ya soma gurnani. Jiya autata mai shekara 4 ta miƙa hannu za ta ɗauki takalminta da ke kusa da shi, sai ya kai mata cafka, Allah ya kiyaye haƙorinsa bai taɓa ta ba. Nan take na zane shi da tsumagiya, amma yau da safe tun ina nesa da kwanon ya fara gurnanin, abin da bai taɓa yi mini ba a baya. Uwargida ta ce a mayar da shi inda aka ɗauko shi, ni kuma ina bukatar kare a lambu, domin sau biyu ana shiga mini a bana. Mece ce mafita?

Tsohon Mafarauci ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na fi shekara 30 ina kiwon karnukan farauta, kuma abin da na gada shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karen da ya yi wa ubangidansa gurnani a kan kwano yana wata huɗu, idan ya shekara sai ya hana ka shiga lambunka. Kullum idan ka zuba masa abinci ka bari ya fara ci, sannan ka janye kwanon. In ya yi gurnani ka doke masa hanci, ka yi ta maimaitawa har ya gane cewa abincin naka ne, shi alfarma ake yi masa. Game da sata kuwa, a tsaga tsokar nama a cusa barkono a ajiye masa inda ya saba ɗauka, sau ɗaya zai yi ya tuba. Mu a daji, karen da ba ya sakin zomo idan an ce ya saki ba shi da wani amfani, domin kai ka sha rana, shi ya ci nama.

Maman Tagwaye ta rubuta:

Baba, a yi mini afuwa, ni hankalina yana kan yarinyar nan ne kafin a zo ga tarbiyyar kare. Malam Mai Lambu, daga yau kada a sake ba shi abinci a tsakar gida inda yara ke kai-komo, domin yarinya mai shekara 4 idan ta sunkuya, fuskarta daidai bakin kare take zuwa. A sama masa wani lungu a kewaye da zana ko raga, a zuba masa a can, a rufe, kada kowa ya leƙa shi sai ya gama.

Batun sata kuma, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu mata mun san yadda gidajenmu suke: a ƙasa murhu yake, a ƙasa ake kwashe tuwo, a kan tabarma ake ci. Wanda ya bar jiƙaƙƙen kifi a buɗe a gaban ɗan kwikwiyo mai jin yunwa ya ba kura ajiyar nama ne kawai. Lokacin girki da lokacin cin abinci a ɗaure shi ko a sa shi a lungunsa, a riƙa rufe kwanuka, a ɗora abin da ya rage a kan kanta.

Likitar Dabbobi ta rubuta:

Na goyi bayan Maman Tagwaye ɗari bisa ɗari, kuma wannan killacewa ita ce aikin da za a fara yau, ba gobe ba. Kafin in faɗi sauran, Malam, ina da tambayoyi. Sau nawa ake ba shi abinci a rana, kuma me ake ba shi? A gidan da aka haife shi, yaya ake ciyar da su takwas ɗin nan? An taɓa ba shi maganin tsutsar ciki, kuma an yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare? Sannan akwai wanda ke ɗauke masa kwano ko ya tsokane shi yana cikin ci?

Tambayar allurar ba ta jira. Ana yin ta ne daga wata 3, kuma Duna ya riga ya kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na mutanen da ke kamuwa da wannan ciwo daga kare suke samun sa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda yake kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ana samun allurar a asibitocin dabbobi, har ma a nan gida Najeriya cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana sarrafa ta. Idan kuma, Allah ya kiyaye, haƙorinsa ya taɓa fatar wani, ko da ƙarzuwa ce, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Mai Lambu ya rubuta:

Na gode, Likita. Gaskiya sau ɗaya muke ba shi, da dare, ragowar tuwo da ƙanzo da abin da yara suka rage. A can gidan da na ɗauko shi, na gani da idona a faranti ɗaya ake zuba musu, su yi ta turereniya, kuma shi yana cikin ƙananan. Ba a ba shi magani ko allura ba, cikinsa kuma yana da ɗan girma duk da cewa haƙarƙarinsa a fili yake. Tambayarki ta ƙarshe ta sa na bincika, sai na gano cewa yayyen autar, maza biyu, sun mayar da abin wasa: sukan ja kwanon da sanda domin su ji ya yi gurnani su yi dariya. Ban san da wannan ba sai yau.

Likitar Dabbobi ta rubuta:

To, Malam, ai amsar tana cikin bayaninka. Wannan kwikwiyo tun da ya buɗe ido bai taɓa cin abinci cikin kwanciyar hankali ba. A gidan farko wanda bai yi zari ba ya kwana da yunwa, a gidanka kuma yana wuni ba komai a cikinsa, idan abincin ya zo da dare sai sanda ta janye shi, ranar da ya nuna ɓacin ransa kuma ya sha tsumagiya. Duk darasin da ya ɗauka ɗaya ne, wato idan mutum ya matso, abinci zai tafi. Rowar da yake yi tsoron asara ce, ba raini ba ne, kuma ba neman sarauta ba ne.

A fara da cikinsa. Kwikwiyo ɗan wata 3 zuwa 6 sau uku ya kamata ya ci a rana, sai ya wuce wata 6 a koma sau biyu. Tuwo da ƙanzo kaɗai ba za su gina shi ba, a riƙa haɗa masa da dafaffen ƙwai, ko kifi da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen kayan ciki daga wajen mahauta. Babban ciki tare da rama alama ce da muka saba gani a kwikwiyo mai tsutsa, domin akwai tsutsar da ke shiga jikinsu tun suna cikin uwa ko ta hanyar nono. Ƙa'ida ita ce a ba su magani duk mako 2 har wata 3, sannan duk wata har su kai wata 6, kuma gwargwadon nauyinsa ake aunawa, don haka a kai shi a auna, kada a saya a kan hanya a yi ta kirdado.

Yanzu ga gurnani. Baba Mafarauci, da dukkan girmamawa, a nan na saɓa maka. Kare yana da matakan gargaɗi kafin cizo: ya ƙara saurin ci, ya ƙame, ya yi kallon gefen ido har farin idonsa ya bayyana, ya yi gurnani, ya ɗage leɓe, ya kai cafka a iska, sannan ya ciza. Idan aka doke shi a kan gurnani, tsoron da ke ransa yana nan daram, abin da aka hana shi kawai shi ne faɗar sa. Irin wannan kare ne daga baya ake cewa ya ciji yaro ba zato ba tsammani, alhali kuwa mu ne muka rufe bakin da yake gargaɗi da shi. Ka kuma lura da cewa cafkar jiya ba ta samu yarinyar ba. Sau da yawa irin wannan cafka gargaɗi ce da gangan, domin kare ya fi hannun yaro sauri nesa ba kusa ba.

Aikin da za ka yi shi ne ka juya masa lissafi, ya zama zuwan mutum ƙari yake kawowa. Ka yanka dafaffiyar hanta ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Idan yana cin abinci, ka wuce ta nesan da ba ya ƙamewa, ko da taku biyar ne, ka jefa masa ɗaya kusa da kwanon, ka yi gaba ba tare da ka tsaya ko ka zura masa ido ba. Ka yi haka sau uku ko huɗu a kowane ci. Bayan wasu kwanaki za ka ga da ya ji tafiyarka sai ya ɗago kai yana kaɗa wutsiya yana jira, to a sannan ne za ka rage taku ɗaya. Duk ranar da ya sake ƙamewa, ka yi gaggawa ke nan, sai ka koma nesan jiya. Wata dabarar kuma ita ce ka ajiye masa kwano babu komai, ka riƙa zuba abincin kaɗan-kaɗan, yana cinyewa kana ƙarawa, har ya saba da cewa hannu a kusa da kwano albishir ne. Wannan aiki na manya ne kaɗai. Yara ba su da hurumi a ciki, kuma maganar sanda ta ƙare daga yau.

Sata kuma hukuncinta dabam. Kowace nasara da ya yi, kifin nan ko tsiren nan, lada ce da ta ƙara ɗaure ɗabi'ar, kuma ko sau ɗaya cikin goma yake dacewa ya ishe shi ya ci gaba da gwadawa. Saboda haka maganinta shi ne ya daina dacewa kwata-kwata na tsawon makonni, kamar yadda Maman Tagwaye ta tsara. Tsiren nan ya fi ba ni tsoro a kan kifin, domin tsinke yana huda hanji, albasa da tafarnuwa kuma suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Haka dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya yi tsini, totuwar masara da ƙwallon mangwaro kuma suna toshe hanji.

Tsohon Mafarauci ya rubuta:

'Yata Likita, na ji bayaninki kuma ban raina ilminki ba, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kare ya yi wa mutum gurnani, sai a saka masa da hanta? A ganina wannan cin hanci ne ake ba ɓarawo. Gobe idan yana son hanta ai sai ya yi gurnani. Kuma mun sha jin ana cewa kare jinin kyarkeci ne, a cikinsu dole akwai shugaba, wanda ba ya bari kowa ya ci sai ya ƙoshi. Idan mai gida bai zama wannan shugaba ba, karen zai zama.

Ɗalibin Samaru ya rubuta:

Baba, ina neman izini in sa baki, duk da cewa ni ɗalibi ne har yanzu. A tsarin da Likita ta kawo, hantar tana zuwa ne kafin gurnani, shi ya sa ta ce a tsaya a nesan da bai fara ƙamewa ba. Abin da ake saka wa shi ne natsuwarsa a lokacin da mutum yake wucewa.

Maganar shugabancin kyarkeci kuma tana da tarihi. Ta samo tushe daga binciken wani masani mai suna Rudolf Schenkel, wanda ya wallafa a 1947 bayan ya lura da kyarketai a gidan namun daji na Basel a ƙasar Suwizalan. Waɗannan dabbobi ne da aka tara a keji ba dangin juna ba, don haka faɗa ya yi yawa a tsakaninsu. Wani masanin Amurka, David Mech, wanda shi ma ya taimaka wajen yaɗa wannan fahimta, daga baya ya shafe shekaru yana lura da kyarketai a dajinsu a tsibirin Ellesmere na Kanada, kuma a 1999 ya rubuta cewa garken kyarkeci iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu, kuma iyayen su ne ke ciyar da ƙananan.

Akwai kuma alƙaluma a kan duka. A 2009 wasu likitocin dabbobi a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun wallafa amsoshin masu karnuka 140 da suka nemi taimako saboda matsalar ɗabi'a. Cikin waɗanda suka doki kare ko suka haure shi, kashi 43 cikin 100 sun ce ya mayar musu da faɗa, cikin waɗanda suka ɓanɓare abu daga bakinsa da ƙarfi kuma kashi 39 ne. Abin da ya faru da Malam Mai Lambu da safen nan, wato gurnani tun daga nesa bayan tsumagiyar jiya, irin wannan ne.

Tsohon Mafarauci ya rubuta:

Yaro, na gode, kyarkecin Turawa na bar muku shi. Amma maganarku ta tuna mini da wani abu da ban kawo a raina ba da farko. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa karɓar zomo daga bakin kare ya bar shi haka nan ba. Da karen ya saki, nan take zai farke cikin zomon ya jefa masa hanji, kuma mu ma haka muka taso muna yi ba tare da mun tambayi dalili ba. Idan na duba da kyau, karnukanmu da suka fi saurin saki su ne waɗanda suka tabbata rabonsu yana zuwa, wanda kuma ya taɓa gudu da nama cikin ƙaya, na wani abokina ne da ba ya ba shi komai sai duka. Don haka a wannan gaɓa na sauko. Barkono dai ban janye ba, domin na ga ya yi aiki.

Likitar Dabbobi ta rubuta:

Baba, Allah ya jiƙan mahaifinka, abin da yake yi shi ne ainihin musayar da nake shirin koya wa Malam Mai Lambu. Malam, ka ba Duna wani abu da bai dame shi sosai ba, kamar guntun igiya, idan ya kama sai ka ce “saki”, ka nuna masa hanta a gefe; da ya saki ka ba shi, sannan ka mayar masa da igiyar. Mayarwar nan tana da muhimmanci, domin ita ce ke nuna masa cewa saki ba asara ba ne. Idan ya ƙware sai a hau zuwa abin da ya fi so. Ranar da ya saci wani abu kuma kada a bi shi da gudu ana ihu, domin hakan ke sa ya haɗiye da sauri ko ya shige lungu ya tsare. In abin ba mai cutarwa ba ne a bar masa, in mai cutarwa ne a watsa nama a ƙasa nesa da shi, idan ya tafi ci a ɗauke.

Barkono kuwa, Baba, yakan koya wa kare ya guji naman da ke warin barkono, hancinsa kuma ya fi namu nesa, don haka gobe zai shinshina ya bar tarkon ya ɗauki na kusa da shi. Ga kuma haɗarin ya shiga masa ido, ko ɗan yaro ya riga shi ɗauka.

Mai Kiwon Kaji ya rubuta:

Likita, ina da tambaya a madadin mu masu gonaki. Malam Mai Lambu gadi yake so, kuma a fahimtarmu karen gadi ana son ya kasance da zafi. Idan aka lallaɓa shi da hanta har ya daina gurnani, ba za a kashe masa zuciya ba, ɓarawo ya zo ya jefa masa nama ya wuce? Sannan kare da ya ɗanɗana ɗanyen ƙwai, anya za a iya amince masa a kusa da keji?

Likitar Dabbobi ta rubuta:

Tsare kwano da tsare gida ba daga tushe ɗaya suke ba, Malam. Haushi ga baƙo da dare yakan fito da kansa idan kare ya fara girma ya san iyakar wurinsa, kuma yawancin amfanin karen lambu shi ne ya tashe ka, ya kuma sa mai niyya ya canza shawara. Karen da ke tsoron hannun mutanen gidansa ba ɓarawo yake fara cizo ba, ɗan aikin lambu ne ko yaron da aka aiko da abinci. Batun jefa nama gaskiya ne, amma wanda ya kwana da yunwa shi ya fi saurin faɗawa wannan tarko.

Ƙwai kuma a riƙa kwashewa da wuri, a gyara ragar kejin ta yadda kansa ba zai shiga ba, a riƙa kai shi wajen kajin da igiya a wuya yana ƙoshe, ana saka masa duk lokacin da ya kalle su ya kawar da kai. Kada a manta kuma yana cikin famfara: haƙoran nono 28 suna zubewa, na dindindin 42 suna fitowa daga wajen wata 4 zuwa 7, don haka dole ya tauna wani abu. Idan ba a ba shi nasa ba, zai nemo da kansa.

Malamin Islamiyya ya rubuta:

Tun da an ambaci kwanuka, bari in ƙara abin da ya shafi tsarki, domin na san zai zo a ran uwargida. Kiwon kare domin gona ko dabbobi ko farauta yana cikin abin da hadisi ya keɓe, don haka Malam Mai Lambu bai fita daga hurumi ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa idan kare ya sha a ƙwaryar ɗayanku a wanke ta sau bakwai, a wata ruwayar Muslim kuma na farko da ƙasa. Malikawa suna ɗaukar wannan wanki a matsayin bin umarni, ba domin kare najasa ba ne, Shafi'awa kuma suna ganin najasa ce. Ko ta wace fuska aka duba, ware masa kwanonsa da wurin cinsa, da rufe namu, ya sauƙaƙa wa kowa, kuma ya dace da abin da Likita ta ce. Wanda ya tsare dabba kuma ciyar da ita ya hau kansa, don haka ci sau ɗaya a rana ga ɗan kwikwiyo, da barin yara su ja masa kwano, abu ne da ya kamata a gyara ko da bai taɓa yin gurnani ba.

Mai Lambu ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Malam, na karɓi gyara. Abu ɗaya ne har yanzu nake jayayya da shi a raina. Duk ranar da ya yi sata, da na shigo sai ya kwantar da kunnuwa, ya sunkuyar da kai, ya ƙi haɗa ido da ni. Wannan ai yana nuna ya san laifi ya yi, kuma wanda ya san laifi ya cancanci horo.

Ɗalibin Samaru ya rubuta:

Yaya, an gwada wannan ma. A 2009 wata masaniya a Amurka, Alexandra Horowitz, ta yi gwaji da karnuka 14: mai kare zai hana shi cin wani abu ya fita, idan ya dawo sai a faɗa masa karen ya ci ko bai ci ba, wani lokaci a faɗa masa akasin abin da ya faru. Sai aka ga wannan sunkuyar da kai tana bin faɗan mai karen ne, har waɗanda ba su ci komai ba suka fi nuna ta idan aka yi musu faɗa. Duna yana karanta fuskarka da tafiyarka ne yana neman sulhu, kuma horon da ya zo bayan awa ɗaya da sata ba zai iya danganta shi da kifin ba, da shigowarka zai danganta shi.

Mai Lambu ya rubuta:

Jama'a, yau kwana 23 da fara wannan magana, na ga ya dace in dawo da bayani. An yi masa allura, an ba shi maganin tsutsa, kuma abin da ya fito daga cikinsa washegari ba na son in siffanta shi a nan. Mun kewaye masa lungu a bayan rumbu, yana ci sau uku. Kwana huɗun farko ina jefa hanta daga taku shida yana ci yana harara ta, a rana ta biyar ya ɗago kai. Yanzu ina tsayawa a gefensa in zuba ƙari a kwanon da hannuna yana kaɗa wutsiya. Na yi kuskure sau ɗaya a mako na biyu, na taɓa bayansa yana ci, ya ƙame, sai na koma baya kwana biyu kamar yadda Likita ta ce.

Sata ta ragu ƙwarai, amma in faɗi gaskiya rufe kwanuka da ɗaure shi lokacin girki ne suka rage ta, domin ranar Juma'a da aka yi baƙi aka manta da shi a sake, ya tafi da cinyar kaza. Uwargida ta yarda ya zauna har ya isa komawa lambu. Abin da ya rage shi ne ƙashi: a kan kwano ya daina gurnani, amma shekaranjiya da mahauci ya ba ni ƙashin ƙafar sa na kawo masa, ko ni bai yarda in matso ba.

Likitar Dabbobi ta rubuta:

Madalla, Malam. Ƙashi ya fi tuwo daraja a wajensa, kuma abin da ya koya a kan kwano ba ya tsallakawa zuwa ƙashi da kansa, sai an sake aikin daga farko, daga taku shida, da nama mai daɗin da ya fi hanta. Ka dakatar da ba shi ƙashi na mako biyu tukuna, ka ƙarfafa “saki” da igiya da busasshiyar ganda, sannan ka dawo da shi a cikin lungunsa, ƙofa a rufe. Uwargida ma ta fara jefa hantar daga nesa, domin ya zuwa yanzu kai kaɗai ya amince wa. Autar kuma, ko ya daina gurnani gaba ɗaya, kada ta kusance shi yana ci ko yana tauna wani abu. Cinyar kazar nan dafaffiya ce? Idan da ƙashinta ya haɗiye, ka lura da kashinsa da cin abincinsa, in ka ga amai ko jini ko ya ƙi ci ka kai shi asibiti a ranar.

Mai Lambu ya rubuta:

Soyayya ce, Likita, kuma da ƙashinta ya cinye. Yau kwana uku ke nan, yana ci yana wasa, kashinsa kuma lafiya lau, amma zan ci gaba da dubawa har ƙarshen mako. Baba Mafarauci, idan ka samu dama ina son ka bayyana mana yadda kuke saba wa kwikwiyo da kaji da awaki tun yana ƙarami, domin wata mai zuwa nake son fara kai shi lambu da rana.